Kawu Mai Maganaɗisu

Mutanen fadama ne suka fara isowa. Tun ba a gama yi wa Kawu sutura ba babura suka cika lungun gidanmu na Wurno, daga Rimawa, daga Kagara, har da mutanen Lahodu da ba su da noman rani balle injin ban ruwa. Lokacin cirar albasa ne, da yawansu da taɓo a ƙafa suka shiga sahu. Ni ina ciki wajen mata, na jingina da bangon da ya raba tsakar gida da zaure, don haka duk abin da aka faɗa a waje a kunnena ya sauka. Wani ya ce an yi rashin mai gyaran inji. Wani ya ce a'a, malamin makaranta ne, shi ya koya wa ɗansa lissafi. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta share hawaye da bakin zane, ta ce Allah ya jiƙan bawan Allah, duk da karatun da ya taɓa masa kai bai taɓa cutar kowa ba. Ban ji haushinta ba. Abin da gari ke faɗa shi ta maimaita.

Haushin ya zo ne ran sadakar uku. Motoci masu baƙin gilashi suka tsaya a ƙofar gida, an ce tawaga ce daga jami'ar da Kawu ya taɓa koyarwa, can nesa da mu, tafiyar yini. Jagoransu ya miƙe a zaure, abin da ba a yi a zaman makoki, ya gyara murya kamar mai buɗe taro. Ya ce marigayi ginshiƙi ne, masanin haƙar ma'adinai ne da babu kamarsa, ya kuma yi ritaya cikin girma da mutunci. Kawu bai taɓa haƙar komai ba sai rijiyar fadamarsa, kuma ba ritaya ya yi ba. Matarsa, wadda muke kira Hajiya, tana zaune cikin takaba. Da ta ji muryar mutumin sai ta damƙe mini wuyan hannu har sai da farcenta ya shiga. Ta gane shi. Shi ne wanda ya sa aka ɓalle ƙofar ɗakin aikin mijinta.

Na yunƙura zan tashi. Inna, mahaifiyata, ƙanwar mamacin, ta danne mini gwiwa ta ce, "Zamna. Gidan mutuwa na." Na zauna, na haɗiye. Sun ci shinkafa, sun yi addu'a, sun tafi. Abin da na haɗiye ran nan shi nake rubutawa yanzu, don kada maganar mutumin nan ta zama ita ce tarihin Kawuna.

Gidan kakanmu gidan malamai ne tun kaka da kakanni. 'Ya'yansa maza biyu. Babban ya zauna gaban mahaifinsa har ya gaji buzu da limancin unguwa, shi muke kira Kawu Liman. Ƙaramin, wato marigayin, aka sa shi boko, lissafi ya kama shi kamar ƙaya ta kama riga, daga nan sai gaba, har wata ƙasa mai sanyi inda ya yi digirin dakta a fiziks. Ya dawo da akwatin littattafai, da tari mai tashi duk damina, da tambaya guda wadda ya riƙe har kabari.

Sai da na girma, ina kwalejin horon malamai ina karanta kimiyya, na sami ƙarfin halin tambayarsa mene ne ainihin aikinsa. Muna gonarsa ta bakin hanyar ruwan da ke zuwa daga madatsar Goronyo. Ya ji daɗin tambayar har ya ajiye fartanya. Ya ce ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki iri biyu ne, kamar a ce masu juyin dama da masu juyin hagu. Wayar tagulla tana barin duka biyun su wuce. Roba tana tare duka biyun. Amma akwai wasu haɗe-haɗen ƙarafa da Allah ya yi su da wani hali: ga masu juyin dama ƙarfe ne, hanya a buɗe, ga masu juyin hagu itace ne, ba mashiga. Rabin ƙarfe ake ce musu, kuma su kansu maganaɗisu ne. In aka iya sarrafa su, za a yi kwamfutar da ba ta mantuwa ko an ɗauke wuta.

Sai ya nuna mini fangalin albasa da ke jere a gabanmu. Ya ce ƙwayoyin zarra a cikin waɗannan ƙarafa haka suke jere, kowace a gurbinta, tazara daidai. Matsalar ita ce, in za a yi amfani da su sai an shimfiɗa su siriri a kan wani abu dabam, shi kuwa tazararsa ba ɗaya ba ce da tasu, sai ya ja su ta nan ya matse su ta can. Tambayarsa ke nan: in jerin ya karkace, abin zai tsaya ko zai rushe ya koma wani tsari? In ya tsaya, ƙarfin maganaɗisunsa zai riƙe? Ƙofar da ke rufe za ta ci gaba da rufuwa, ko za ta fara yoyo? Kuma ina iyakar? Ba a ɗakin gwaji yake wannan ba, da lissafi yake yi a kwamfuta, don wasu daga cikin haɗin ma ba wanda ya taɓa ƙera su a duniya.

Mutum ne mai ɗabi'u da ke ba mu dariya. Ba ya rabuwa da wani guntun maganaɗisu da ya ciro daga lasifikar tsohuwar rediyo, kullum yana aljihun rigarsa. Hajiya ta gaji da neman alluranta, in ta rasa sai ta ce a zazzage aljihun maigida, a nan za a same su manne da ƙusoshi da murafun kwalba. In ya bi bakin gulbin Rima sai ya tsuguna ya ja maganaɗisun cikin yashi, ya ɗago shi da baƙin gari kamar gashin baki, ya nuna wa masunta, ya ce ƙarfe ne suke takawa kullum. In ka kawo masa labari, kafin ka kai ƙarshe zai tare ka: "Mi kag gani? Ba mi kaj ji ba." Ba ya son a ce masa wai. Yana da saurin fushi, yana da saurin sauka, sai dai bakinsa in ya saki magana tana da kaifi.

Kaifin nan ne ya raba shi da yayansa. Wata sallar layya ce, ana cin tuwo a zaure, akushi ɗaya kamar yadda suka saba tun suna yara. Kawu Liman ya tambaye shi, cikin raha da farko, ko wa ya taɓa ganin wannan ƙarfe nasa da ido. Kawu ya ce ba a yi shi ba tukuna, amma lissafi ya nuna zai yiwu. Kawu Liman ya yi dariya ya dubi baƙi, ya ce, "Kun ji. Shekara da shekaru ƙanena na yi wa dokin da ba a haifa ba ciyawa." Aka yi dariya. Da Kawu ya bar ta nan da ta wuce. Sai ya ajiye loma ya ce ai su ma a zauren nan ana kwashe wata guda kan hukuncin rabon gadon da bai taɓa faruwa a Wurno ba, bai kuwa taɓa jin an kira shi wauta ba. Kawu Liman ya wanke hannu ya tashi. Daga ranar ba su ƙara haɗa akushi ba. Suna gaisawa, Kawu yana bin sallah a bayansa, yana durƙusa masa ran Juma'a, amma maganar aiki ba ta sake shiga tsakaninsu ba. Inna ta yi zarya har ta gaji. Kowanne in ta je sai ya ce shi ba ya riƙe da kowa.

Yanzu ga abin da ya faru a jami'ar, kamar yadda na ji daga bakin Hajiya da ɗalibansa, da ɗan abin da shi kansa ya yarda ya faɗa.

Tsohon malaminsa na ƙasar waje ne ya aiko masa da kwamfuta kyauta, a zamanin da ba kowa ya taɓa ganinta ba. Aka ba shi wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda. Lissafi ɗaya yakan ɗauki makonni injin yana niƙa, in aka ɗauke wuta ana tsaka sai a koma farko. Ya sayi ƙaramin janareta, shi da ɗalibansa suna karɓa-karɓa wajen zuba mai. A haka, shekara bayan shekara, ya bi wani dangin haɗin ƙarafa ɗaya bayan ɗaya, yana ja yana matsewa a cikin lissafi, har ya gano waɗanda ke riƙe halinsu da iyakar da suke saki. Saura ya haɗa ya rubuta ya aika duniya ta gani. Shi kuwa ba ya sakin abu sai ya sake dubawa, wannan halinsa ne.

Ana haka Kaka, mahaifiyarsu, ta kwanta ciwon ajali da damina. Ya kulle ɗakin ya taho gida. A bayansa aka yi sabon shugaban sashe, wanda ya ga ofishinsa ya yi masa kaɗan, yana son wurin saukar baƙi mai darduma da na'urar sanyaya ɗaki. Ɗakin Kawu ne ke manne da nasa. Bai aiko ba, bai jira ba. Ya sa aka ɓalle kwaɗo, masinjoji suka kwashe kwamfutar da kwalin faya-fayan da aka adana kwafin aikin, suka jibge a wani tsohon sito mai ɓulallen rufi. Kaka ta rasu, aka yi zaman makoki, Kawu ya koma. Ya tarar da kujerun alfarma a inda injinsa yake. Da aka buɗe masa siton, kwamfutar tana zaune cikin ruwa, tsatsa ta ci cikinta, kwalin ya narke, faya-fayan sun yi funfuna sun manne da juna.

Shugaban sashen ya ce masa ya yi haƙuri, ai tsohon inji ne, in an sami hali za a sayo sabo. Tsohon inji. Kamar wanda aka ƙone wa rumbu a ce masa ai zanar ta tsufa. Aka kafa kwamiti, kwamiti ya sha shayi ya watse. Abin da ya fito ƙarshe shi ne tuhumar Kawu da wuce kwanakin hutun da aka ba shi. Mutumin da ya je binne uwarsa. Hajiya ta ce ran nan ya dawo gida bai taɓa abinci ba, ya zauna bakin gado da takalmi a ƙafa, abin da kawai ya ce shi ne, "Da sun tambaye ni, da na ba su ɗakin." Bai ƙarasa shekarar ba ya ajiye aiki, suka kwaso kaya suka dawo Wurno.

Na sha tambayar kaina me ya sa bai sake farawa ba. Da me? Malamin da ya aiko injin ya rasu, wuta a garinmu sai an ga dama, idonsa ya fara rauni, ga iyali. Masu cewa da ya daure ba su taɓa gina abu shekara da shekaru ruwa ya cinye a damina ɗaya ba.

Ya koma noman albasa da tafarnuwa a gadon mahaifinsa, yana shiga makarantar sakandare yana koyar da fiziks ba tare da an ɗauke shi aiki ba. A nan gari ya yanke masa hukunci. Dakta guda, da ya hau jirgin sama, ya dawo yana jan maganaɗisu cikin yashi? Lallai karatu ya taɓa shi. Har a gidajen biki na ji ana yi wa yara kashedi da shi, kada a zurfafa boko a zama kamar wane. Ba wanda ya ce mutanen da suka jefa aikinsa a ruwa su ne masu taɓin.

Sunan mai gyaran inji kuwa a kasuwar Goronyo ya samo shi. A lokacin ƙananan injunan ban ruwa sun cika fadama, kuma akwai wata cuta da ta addabi manoma: a kai inji gyara kan ƙaramin abu, ya dawo ya ƙi tashi sam, a ja igiya har kafaɗa ta sage, fulogi ba wuta. Ana cewa sammu, ana cewa jabun kaya. Wata rana Kawu yana wucewa ta rumfar wani bakanike ya gan shi ya ɗora guduma kan faifan ƙarfen da ke juyawa a gefen injin, yana kirɓa don ya fita, ga kuma garwashi a gefe da ake gasa shi in ya ƙi. Wanda ya ga abin ya ce Kawu jefar da buhunsa ya yi ya riƙe hannun mutumin.

"Kai, tsaya! Ka san mi kaka kashewa?"

Bakaniken, dattijo ne shi ma, ya fizge hannu ya ce tun kafin a san Dakta yake wannan sana'a. Mutane suka taru. Kawu bai ja da shi ba. Ya karɓi sukuddireba ya manna a jikin faifan wani sabon inji, ta kama gam. Ya manna a wanda ya sha duka, ta zame ta faɗi. Ya ce a jikin faifan nan akwai maganaɗisu, shi ke haifar da wutar fulogi, duka da zafi suna hargitsa jerin da ke cikinsa, ƙarfinsa ya tafi. Bakaniken ya ce to da me zai cire, da haƙori? Kawu ya ce wannan tambaya ce mai kyau, a ba shi lokaci. Ya tafi Rabah wajen wani maƙeri, suka yi ta gwadawa suna ɓatawa har suka fitar da wani ƙarfe mai yatsu uku da noti a tsakiya, ana ɗaurewa a hankali faifan ya zaro kansa ba duka. Na farkon ya kai wa bakaniken nan da hannunsa. Sauran ya bi rumfuna yana rabawa har Rimawa da Kagara. Shukar da ta tsira daga ƙishirwa saboda wannan ɗan ƙarfe Allah kaɗai ya san yawanta. Shi ya sa mutanen fadama suka riga kowa zuwa jana'izarsa, kuma ina gode musu. Amma ina so a sani, wannan ɓarɓashin iliminsa ne kawai, abin da ya zubo daga gefen akushi.

A watanninsa na ƙarshe ƙafafunsa sun kumbura, ba ya fita. Ina wajensa wata hantsi sai wayarsa ta yi ƙara. Wani tsohon ɗalibinsa ne, cikin masu zuba wa janareta mai, wanda yanzu yake aiki a ƙasar waje. Na riƙe masa wayar kusa da kunne, ni ma ina jin abin da ake faɗa. Ɗalibin ya ce wasu masu bincike a can sun ƙera ɗaya daga cikin haɗin nan, sun shimfiɗa shi siriri, sun gwada, ya fito kamar yadda Malam yake zana musu a allo tun suna samari. Ba sata suka yi ba, ba su taɓa jin sunansa ba, da kansu suka sake bin hanyar.

Kawu ya yunƙura ya zauna, abin da ya kwana biyu bai iya ba. Bai tambayi sunayensu ba. Cewa yake, da anka ja shi ta gefe guda ya riƙe? Da anka matsa fa? Ƙofar ba ta yi yoyo ba? Kowace amsa sai ya bugi katifa, har dariya ta zame masa tari. Da aka kashe wayar ni kuka nake, na baƙin ciki. Na ce masa wannan ai nasa ne, sunansa ya kamata a ji. Ya dube ni ya ce, "Ke ɗiyata, ƙarfen ga bai san sunana ba, bai san nasu ba. Ya riƙe dai." Na ɗauka ya gama. Ya kwanta, ya juya fuska bango. Can na ji ya ce, ba da ni yake ba, "Damina guda. Da sun bar min ɗakin nan damina guda."

Kada wanda ya ce mini ya tafi ba da ciwon abin a ransa ba. Na ji da kunnena.

Bayan an yi arba'in Kawu Liman ya aiko a kira ni. Shi ya sallaci ƙanensa. Na same shi a zaure bayan la'asar, shi kaɗai, ya tsufa ƙwarai a 'yan kwanakin. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi. Ya ce in matso. Ya yi ta jan casbi kafin ya yi magana. Ya ce ya sha faɗa wa mutane a kan mumbari cewa ilimin da aka amfana da shi yana bin mai shi har kabari. Yanzu in ya ɗaga hannu zai roƙa wa ƙanensa ladar iliminsa, sai ya ga bai san abin da yake roƙo a kai ba.

"An ce ke kin gane abin da yaka yi," ya ce. "Karanta min. Fara daga farko, kuma a hankali."

Ya sauko daga kan buzunsa ya zauna a tabarma, daidai da ni, kamar ɗalibi. Ni da ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Na fara da masu juyin dama da masu juyin hagu. Yana tsayar da ni, yana maimaitawa da bakinsa, in ya kuskure ya ce in sake. Kan malami ne, bai sha wuya ba. Da na zo kan jerin da ake ja ana matsewa, shi da kansa ya riga ni, ya ce to lallai akwai iyakar da in an wuce sai ya saki. Na ce ita ce Kawu ya yi rayuwarsa yana nema, kuma ya same ta, kuma an tabbatar.

Ladan ya fara gyaran murya a masallaci. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

"Ashe abin ga ana gane shi," ya ce. "Tsakanin la'asar da magariba. Muna gida guda, ban ba shi ko wanga ɗan lokaci ba."

Ya dafa bango ya miƙe, ya ƙi in kama shi, ya fita ya ba da sallah.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, wanda ya ƙare kwanakinsa yana duban yadda ka jera halittarka a inda ido ba ya kaiwa. Ka yafe masa kaifin harshensa, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi. Abin da ruwa ya ci nasa a duniya, ka sa ya tarar da shi cikakke a mizani. Waɗanda suka ɓalle ƙofar kuwa, Hajiya ta ce ta bar su da kai. Ni har yau ban kai nan ba.